Ba Baffa Ne Ya Ƙona Famfon Ba

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi Baffa ya koma ranar Talata da hantsi, bayan an gama shigar da dawa rumbu. Ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika. Manoman da ya sha gyara wa injin ban ruwa suka zo da ƙasar gona a ƙafafunsu. Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta shiga cikin gida rungume da rediyonta, tana kuka tana cewa sau huɗu ya tayar mata da ita, yanzu wa za ta kai wa. Inna, matarsa, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinsa da carbi, duk wanda ya ce ya haƙuri ta ce da godiya, ba ta ɗaga kai.

Da aka idar da sallar gawa, Liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa ƙasa-ƙasa. Sai Ciyaman, wato shugaban kwamitin rijiyar burtsatsenmu, mai gidan bulo a bakin titi, ya gyara babbar rigarsa ya ɗaga murya yadda har na sahun baya za su ji.

"Malam, a madadin jama'ar gari, maganar famfon nan mun yafe masa duniya da lahira."

Wasu suka ce madalla, Alhaji. Ni ina riƙe da ƙafar makara. An yafe wa Baffa laifin da bai yi ba, kuma wanda ya yafe ɗin ya san bai yi ba. Ni ma na sani. Na yi shiru muka ɗauke shi zuwa maƙabarta.

Karatuna bai yi nisa ba, ban wuce aji uku na sakandare ba. Amma zan rubuta wannan yadda na iya, don kada yaran da ke tasowa su san Baffa da sunan da aka laƙaba masa.

Da ƙuruciyarsa a wata masaƙa ya yi aiki a birni, a sashen lantarki. Da masaƙar ta rufe ya dawo gida ya kama noma, ya maida zaurensa wurin gyara. Tabaransa da zare yake ɗaure shi don ƙafa ɗaya ta karye tun ina yaro, kuma ya ƙi sayen wani. Kullum akwai mitar awon lantarki a aljihun rigarsa, wayoyinta ja da baƙi suna leƙowa, har masallaci yake zuwa da ita. Ba ya musu. In ka ce masa batir ya mutu, ko taki bai da kyau bana, ko wane ɓarawo ne, tambaya ɗaya zai yi maka: "Ka auna?" In ka ce a'a sai ya ci gaba da abin da yake yi kamar ba ka yi magana ba.

Yana da zafin baki, ba zan ɓoye ba. In ransa ya ɓaci da ni ba ya zagina, sai dai ya kira ni Injiniya. Amma mutumin nan ne ya taɓa kwashe yini guda a gidan wani makaho yana ja masa igiya daga ɗaki zuwa banɗaki, ya ɗaura mata ƙulli a duk inda akwai tudu. Babu wanda ya sa shi, kuma bai gaya wa kowa ba. Daga bakin makahon muka ji.

Sai shekarun wuya suka zo. Damina ta riƙa ɗaukewa da wuri, gero ya yi tsada, gonakin bakin titi aka yanka su filoti. Rijiyoyin gidaje suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, gari duka ya koma kan burtsatse guda mai aiki da sola. Abin da ke kashe irin wannan famfon sananne ne: yana can ƙasa cikin ruwa, ruwan ne ke sanyaya shi. In ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa yana aiki, sai ya ƙone.

Baffa ya ce zai yi masa mai gadi. Da tsufansa ya riƙa hawa mota zuwa birni wurin wani tsohon abokin aikinsa, har ya koyi yadda ake ba wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki umarni, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ya sa ta a akwatin ƙarfe, ya zura sansa cikin rijiya, wato abin da ke jin nauyin ruwan da ke samansa ya turo labari ta waya. Ni nake riƙe masa kaya, don shi ya koya mini gyaran rediyo da waya.

Ranar da ya haɗa sansa da ƙwaƙwalwar kai tsaye, ya duba lambar da ke fitowa a gilashi ya yi tsaki. Ya ja ni gindin darbejiya, ya zana tsani a ƙasa da kara.

"Wannan abar ba ta san ruwa ba," in ji shi. "Lantarki kawai ta sani, daga sifili zuwa bolt biyar. Ta raba shi matakai dubu da ashirin da huɗu. To sansarmu, in ruwa ya sauka har bakin famfo, bolt ɗaya take bayarwa. In rijiya ta cika, ɗaya da rabi. A tsanin nan, daga ina zuwa ina ke nan?"

Na yi lissafi da yatsa a ƙasa. "Daga wajen ɗari biyu zuwa ɗari uku, Baffa."

"Mataki ɗari cikin dubu. Sauran zaman banza suke yi. Kuma taku biyu na ruwa da ke tsakanin lafiya da ƙonewa bai wuce mataki huɗu ba. Ka ga lambar nan tana rawa da kanta ko? Uku, huɗu take tsalle. Ta yaya za ta bambance rawa da haɗari?"

"To a sayo ƙwaƙwalwa mai tsada."

"Injiniya ya yi magana. Tsanin lafiyarsa ƙalau, mu ne muka tsaya a tsakiyarsa."

Sai ya haɗa wani ɗan allo da bai fi kwalin ashana ba, da ƙaramin amfilifaya ɗaya, da rezista huɗu, da wata 'yar ƙusa da ake murɗawa da sukuddireba. Ya sa shi tsakanin sansa da ƙwaƙwalwa. Aikinsa biyu ne. Na farko ya cire bolt ɗayan nan da ba ya faɗin komai, yadda mai awo ke cire nauyin buhu kafin ya faɗi nauyin hatsi, don busasshiyar rijiya ta sauko gindin tsani. Na biyu ya ninka abin da ya rage sau tara, don cikakkiyar rijiya ta hau kusa da ƙarshensa.

Na ce me ya sa ba za a fara ninkawa ba. Ya ce in ka ninka kafin ka cire, bolt ɗayan zai zama tara, ka fasa rufi tun ba ka fara ba. Na ce me ya sa tara, ba goma ba, ai goma ce za ta cika tsanin daidai. Ya ce a bar wa ruwa wuri. Shekarar da damina ta yi kyau ruwa ya ɗan wuce inda muka sani, lambar za ta maƙale a ƙarshe ta riƙa yi mana ƙarya.

Yini biyu muka yi muna saita shi. Ya ɗaure dutse a igiya mai ƙulli a kowane taku, ina zurawa ina faɗa masa inda ruwa yake, yana murɗa ƙusar nan kaɗan-kaɗan, harshensa a waje. Da muka gama, taku biyun nan ya koma mataki talatin da wani abu. Ya umarci ƙwaƙwalwar ta kashe famfo duk lokacin da lamba ta sauko ƙasa da sittin, ta jira rijiya ta farfaɗo.

Shekara biyu mai gadin nan yana aiki. Da bazara ta uku ta yi tsanani, sai ya riƙa kashe famfo kullum wajen la'asar, awa ɗaya, wani lokaci biyu, mata na kan layi da bokitai cikin rana. Aka fara cewa akwatin Baffa ya cika rowa. Babu wanda ya ce komai game da tiyon da Ciyaman ya ja daga tanki zuwa gidan bulonsa.

Wata rana bayan la'asar ya tare Baffa a ƙofar masallaci.

"Malam, akwatin nan naka shi ne mai gari yanzu? Shi ke cewa a sha, shi ke cewa a bari?"

"Alhaji, rijiya ce ke magana, akwati tafinta ne kawai. Cire tiyonka kwana biyu mu gani ko zai ƙara tsayawa."

"Ka san gida nawa bulon nan ke ciyarwa a garin nan?"

"To ka raba musu su jiƙa su sha."

Mutane suka yi dariya. Ciyaman bai yi ba.

Yanzu na zo kan nawa. A makon nan Baffa ya ɗauki wata rediyo da na gyara, a gaban mutane cike da zaure, ya ce dalmar da na liƙe wayoyin da ita kamar kashin kaji, ko'ina tudu. Shekarata arba'in, 'ya'yana huɗu. Na haɗiye, amma bai wuce ba. Ciyaman yana wurin. Washegari ya kira ni gidan bulo, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi.

"Kai ne injiniyan gaske," in ji shi. "Tsoho ya tare maka hanya. Ka sa ruwan nan ya daina yankewa, makullin rijiya naka ne. Kowa ya san hannunka."

Na ce masa in aka hana akwatin aiki famfo zai iya ƙonewa. Na faɗa da bakina, kuma ya ji. Ya ce ai tsoro ne irin na tsofaffi, ruwan ƙasa ba ya ƙarewa.

Aka yi wa Baffa rasuwa a Zakirai, wajen dangin Inna, zai yi kwana uku. Ya ba ni makulli ya ce, "Kada ka taɓa komai. Ka share ƙura a kan sola kawai." Motarsu ba ta yi nisa ba na buɗe akwatin. Ban cire allon ba. Waya ɗaya na ja ta zagaye shi, sansa ta shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Na san abin da hakan ke nufi, don ni na yi lissafin a gindin darbejiya. Ba tare da allon ba, ko rijiya ta bushe ƙamas lambar ɗari biyu za ta nuna. Ba za ta taɓa ganin sittin ba.

Kwana biyu ruwa bai yanke ba. Mata suka riƙa sa mini albarka a hanya, na riƙa amsawa. A rana ta uku da la'asar ruwan ya fara tari a bakin famfo, ya koma laka, ya tsaya. Wani wari ya taso daga bututu. Na kori mutane na ce zan duba, na cire wayata, na mayar da komai yadda yake, na liƙe da dalma.

Da Baffa ya dawo aka tara masa jama'a a ƙofar gidan mai unguwa. Ciyaman ya ce akwatin da aka haɗa da tarkacen rediyo ne ya tura wa famfo muguwar wuta. Ya ce tun farko ya yi gargaɗi. Baffa ya ce a je a gani. Muka bi shi zuwa rijiya, gari guda. Ya buɗe akwatin, ya gyara zaren tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin da na liƙe. Sannan ya ɗago ya dube ni. Bai fi ƙiftawa biyu ba. Ya rufe akwatin.

"Ba ni da abin cewa," in ji shi.

Ya miƙa makulli. Ciyaman ya karɓa ya ba ni, a gaban kowa. Na karɓa.

Abin da ya biyo baya shi ne nake so waɗanda suka zo suna share hawaye su tuna. Ku kuka daina kawo masa gyara. Ku kuka ƙyale 'ya'yanku suna bin kekensa suna cewa Ƙona-famfo. Wanda ya ce a daina ba shi sahun farko tunda ya jawo wa gari ƙishirwa, na gan shi a maƙabarta yana zuba ƙasa da hannu biyu. Har ruwan sama ya sauka, tsoho ɗan shekara saba'in yana ɗaura jarka a keke ya tafi ƙauyen gaba ɗiban ruwa. Na tura yarana su taya shi, ya dawo da su. Ya daina zama a majalisa. Ya daina tambayar kowa ko ya auna.

Ciwo ya kwantar da shi lokacin yankan gero. Wata safiya na shiga gaishe shi, Inna ta fita ta bar mu. Na zauna na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara.

"Har yanzu dalmarka tana tudu."

Na faɗi a gabansa ina kuka kamar yaro. Na ce, "Baffa, me ya hana ka faɗa?"

"'Ya'yanka a garin nan za su yi aure. Ni na gama nawa." Ya yi tari. "Ka riƙa bari ƙarfen ya yi zafi kafin ka sa dalma. Gaggawa ce ke damunka."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya rayu sati biyar bayan wannan. A sati biyar ɗin nan zan iya tsayawa a masallaci in wanke shi yana da rai, ya ji da kunnensa. Ban yi ba. Kullum ina cewa gobe.

Ranar sadakar uku, bayan Liman ya shafa addu'a ana shirin raba waina, na miƙe. Na ce ba Baffa ne ya ƙona famfon ba, ni ne. Na faɗi komai, da wayar, da lemon, da makullin. Na nuna Ciyaman da yatsa na ce wannan ne ya sa ni, kuma na gaya masa abin da zai faru.

Ya tashi yana kaɗa riga. "Ni? Ni na san waya? Na ce maka ka ƙona? Jama'a, baƙin ciki ya taɓa masa kai."

"Tiyon wa ke jan ruwa ran nan tun asuba, Alhaji?"

"A gidan makoki? Ba ka da kunya?"

"Ba ni da ita. Kai ka saye ta da lemo."

Wani ɗan Baffa ya yo kaina, aka riƙe shi. Da sun bar shi, ba zan kare ba. Liman ya ce a bar maganar saboda darajar mamaci. Na ce darajar mamacin ce ta tashe ni. Ciyaman ya sa takalmi ya tafi, mutanensa suka bi shi. Makahon nan yana zaune a gefe, ya ce, "Dama ni ban taɓa yarda ba." Shi kaɗai ne a wurin yake da ikon faɗin haka.

Bayan mako biyu wani ɗan garinmu da ke aiki a birni ya aiko da sabon famfo, don rijiyoyin gida sun fara ja da baya. Masu sakawa suka ce in babu mai gadi wannan ma ƙonewa zai yi, kuma an sauke shi zurfi fiye da na da, dole a sake saita allon. Ba wanda ya iya sai ni. Mai unguwa ya aiko. Na ce ba zan taɓa ba sai Ciyaman ya tsaya ranar Juma'a ya faɗi da bakinsa cewa ƙarya ya yi wa Baffa. Juma'a ta zo ta wuce, bai faɗa ba. Ta biyu ma haka. Famfo yana rijiya a kashe, mata na tafiya ƙauyen gaba da goyo.

Sai Inna ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, ta bayan labule ta yi mini magana.

"An ce ka hana gari ruwa."

"Inna, sai ya wanke Baffa."

"Da ƙishirwar mata za ka wanke shi? Ka ƙona musu ɗaya, yanzu ka zauna a kan na biyu, kuma duk da sunan mijina. Tashi ka je ka gyara."

Na ce to. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Wata bakwai ina kallonsa yana cin tuwo ba ya jin daɗinsa. Wanda zai yafe maka yana ƙasa. Ja mini ƙofar."

Na je na gyara. Yini biyu na yi da igiya da sukuddireba. Kafin in kunna, na ɗauki adda na datse tiyon gidan bulo a gaban mutane, na jefa shi kan titi. Ba wanda ya hana ni. Jiya da la'asar akwatin ya kashe famfo na rabin awa, matan da ke layi suka zauna a inuwa suka jira, babu wadda ta yi ƙorafi.

Alhaji, na san ba ka karatun boko, amma za a karanta maka. Tunda ka ƙi faɗa, na rubuta, kuma ranar sadakar arba'in zan raba wa duk wanda ya zo, har baƙin Zakirai. Yafiyar da ka yi a kan gawarsa ka zo ka ɗauki abarka, ba ya buƙata. Ni ban yafe maka ba. Allah ya isa tsakanin Baffa da duk wanda ya ci mutuncinsa yana sane. Na san wannan addu'ar ta kaina za ta fara bi kafin ta iso gidanka, kuma na ce amin.

Ya Allah, ka yalwata masa kabari, ka shayar da shi daga ruwan da ba ya yankewa. Ka ba Inna haƙuri. Ni kuma ka yi mini yadda ka ga dama.